Ɗan Alista

Cikin akwatin gwangwanin da babana ya bari
akwai rasit guda, ya yi launin ruwan bagaruwa.
Fata ɗari da goma sha biyu, ta jar akuya, ba tabo,
can ƙasa an ja hannu da tawada: Makalista.

Mu dai Mai Kalista muka san shi.
Muna yara mukan yi gardama a bakin majema:
wai mece ce kalistar nan da ya mallaka?
Tambari ya ce sikelinsa ne mai ƙugiya,
Arzika ya rantse lofen da ke bakinsa ne,
ni na tsaya a kan hular kwano.
Aka tashi ba a raba gardama ba.
Shekara sittin ke nan, har da ɗoriya,
Tambari da Arzika duk ƙasa ta rufe musu ido.

Jiya jikata Luba ta zo neman allura,
ta ci karo da takardar, ta ɗaga ta a hasken ƙofa.
Ta ce, "Kaka, ai ba Mai ba ne, Mak ne.
A bakin mutanen tuddan Sikotlan da tsibirin Ailan
Mak shi ne ɗa.
Ɗan Alista ke nan, ba wani abu."
Na ce, "Mi kic ce?"
Ta sake faɗa.
Ta ƙara da cewa in ka ji O a gaban suna, jika ne,
ɗiya kuwa Nik suke ce mata.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ashe Baturen nan mai jan wuya,
mai shinshina fata kamar zai ci,
mai ja-in-ja da babana kan sisi a kasuwar Kara,
ɗan wani ne.
Wani ya taɓa aikensa ɗebo ruwa,
wani ya taɓa ja masa kunne.
Mu muna ce masa mai abu,
shi ko yana yawo da ubansa a gaban goshi,
kamar yadda ake kirana Ɗan Nomau
daga Ƙofar Marke har bakin gulbin Rima.

Na ce, "To Alistan, makiyayi ne ko masunci?"
Ta ce, "Wa ya sani?
Wataƙila ya yi shekara ɗari biyar a kabari.
Su ba sa sauya sunan, gadonsa ake yi,
ɗa ya ba ɗa, har a manta fuskar mai shi."

Nan jikina ya yi sanyi.
Sun jeme sunan ke nan:
sun jiƙa shi a toka, sun kankare gashi,
sun shafe shi da mai,
ya daɗe ya bar akuyar a baya.
Namu ɗanye ne.
Na san muryar Nomau, na san kaushin tafinsa,
na san yadda yake tofar da goro gefen hagu.
Amma 'ya'yana Ɗan Garba ake kiransu,
ranar da aka kai ni makwanci
Nomau zai sake mutuwa.

Ban san wanda ya yi riba ba.
Ɗan kasuwa, ɗan koli, ɗan Gobir, ɗan Talata,
mun raba ɗa ga gari da sana'a da rana,
su sun ɗaure shi a turke ɗaya.

Luba ta ninke rasit ɗin, ta manta da allura.
Da za ta fita littafinta ya faɗi,
na ɗauka, na ce ta karanta min abin da ke bango.
Ta ce, "Sunana ne mana.
Lubabatu Nomau."